Ƙusa Biyu a Gwangwani

A shagon Hamajoda, bayan babbar kasuwar Garwa,
alluna uku ne a kan benci,
babu wanda ya kai tafin hannuna.
Na tsakiya ne mai tunani.
Na dama kunne, na hagu baki.
Haƙoransu suna shiga juna, ƙyas,
kamar kwano ya sami murfinsa.

Ya ce, Asta, kada ki yarda da allo don yana sheƙi.
Tambaye shi.

Na danna maɓalli: ka ji?
Fitila 'yar mitsitsiya, ƙwayar dawa ta fi ta,
ta yi ja. Na ji.
Na ɗaga yatsa, ta mutu.
Sau arba'in muka yi wannan gaisuwa
kafin na kawo gwangwanin madara
cike da ƙasar gonar Bappa Sali,
mai albasa a bakin Binuwai.
Na soke ƙusa biyu a ciki.
In ƙasa ta bushe, baki ya kira famfo.
In ta sha, ya yi shiru.
Abin da na rubuta ke nan.

Ƙasa ta bushe har ta tsage.
Shiru.

Kwana uku ina zargin rubutuna.
Na zargi zafin Afrilu,
na zargi mutumin Duwala da ya karɓi sefa dubu tara,
na ƙona yatsa da dalma, na tsotse, na ci gaba.
Hamajoda yana can yana gyaran rediyon wani,
ko kallo ban ishe shi ba.
Ran na huɗu ya turo mini mita da gwiwar hannu.

Ƙafa-ƙafa na bi su, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Biyar. Biyar. Biyar.
Sai wata baƙar waya, siririya,
ta zame daga raminta da kaurin gashi ɗaya.
Ashe kunne yana ji, baki yana da murya,
ƙasar da suke takawa ce ba ɗaya ba.

Na mayar da ita.
Ƙat!
Na tsiyaya ruwan buta a gwangwani.
Ƙat, ya saki.

Da la'asar Bappa ya zo, laka har ƙwauri.
Ya duƙa, ya daɗe yana duban jar fitilar.
Wai wannan ya san albasa tana jin ƙishi?
Na ce a'a, Bappa.
Ya dai san lokacin da ƙusa biyu suka daina gaisawa.
Ya ce to, sake zuba ruwan in gani.