Robar Baya

Tun daga kwanar Kwadon take kuka,
ƙwas, ƙwas, duk ramin da muka taka,
kamar taɓarya a turmin da babu hatsi.
Wata uku ina ƙara muryar rediyo.
Ran Laraba ta karkaɗa wutsiya a gangaren Liji,
bayanta ya nufi kudu, ni ina nufin yamma,
na ce, to, Fijo, na ji.

Garejin Yila yana bayan Tashar Dukku,
gindin darbejiya, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi.
Ko injin bai leƙa ba.
Ya dafa bayanta da hannu biyu, ya danna, ya saki, ya kasa kunne.
"Malam, bushin ne. Robar baya ta mutu."

Yaronsa Manga ya kawo jak da kututture biyu.
Aka ɗaga ta, aka zare tayoyin,
ta tsaya kamar tsohuwa a gaban likita.
Na kau da kai.

Notin farko bai yi gardama ba.
Na biyu ya ce shekara talatin da ɗaya yake nan,
ba yau zai tashi ba.
Aka ba shi kananzir ya sha, aka ƙara masa man birki,
aka zura wa sufana bututu, Manga ya hau yana lilo,
tsatsa na zuba a idon Yila kamar garin yaji,
yana zagin noti da harshen Tangale, yana lallashinsa da Hausa.
Sai da aka kira azahar ya yi ƙara, ya juya.

Roba kuwa ta rungume ƙarfe, ta ƙi saki.
Wuta aka sa mata.
Hayaƙin ya kori mai rake daga inuwa,
zarto ya yanka zoben, guduma ta ƙarasa zancen.
Yila ya ɗora min abin a tafin hannu:
baƙi, duk faso kamar diddigen manomi,
bai fi ƙwallon goruba ba.
Wannan ne ya hana ƙarfe da ƙarfe faɗa
tun kaina babu furfura,
ya sha dukan hanyar Biu, ya sha na Bajoga,
bai ce uffan ba sai da ya ƙare.
Na shafa gwiwata.

"Na dama ya fi cinyewa," in ji shi. "Wa ke zama nan?"
Na tambaye shi kuɗin sabo.

Sabuwar roba ba ta son giris, ruwan sabulu take so.
A hankali, da ɗan katako, ta shige ɗakinta.
Ya zura noti, bai ɗaure ba.
"Ba a ɗaurewa tana rataye.
Sai ta sauka ta ɗauki nauyin da ta saba,
in ba haka ba robar ta murɗe, ka dawo kafin sallah."
Aka sauke ta.
Ya ce in shiga baya in zauna.

Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa zama a nan ba.
Kujerar ta lotsa daidai jikin Dudu,
ni ta yi min yawa.
Ashe daga nan ƙeyar direba kawai ake gani,
da madubin da nake satar kallonta.
A aljihun kujera akwai ƙullin kanumfari,
ƙamshinsa ya riga shi tafiya.
Ƙarƙashina Yila yana jan sufana, yana nishi.
"Malam, kar ka motsa."
Ban motsa ba.

Da la'asar na biyo ta Jekadafari, rediyo a kashe.
Na hango wani rami da na sani, na faɗa da gangan.
Shiru.
Na zagayo na sake faɗawa.
Tsohuwar robar tana aljihuna,
tana ɓata min farar riga.