Hancin da Ba Ya Barci

A Bergen ruwan sama ba ya gajiya.
Gidajen katako sun jeru a gangare, kafaɗa da kafaɗa,
irin jerin da wuta ke so.
Na hau bene na uku, tsani a wuya,
takardar aiki ta jiƙe a gefe ɗaya.

Lamba goma sha ɗaya. Eilif Haukeland,
tsohon masunci, tamanin da ɗoriya,
ya buɗe ƙofa da cokali a hannu.
"Ke ce Torunn mai hayaƙin gwangwani?
Shigo, amma kada ki tashe min wancan ɗan banzan.
Tun bara na zare masa batir.
In soya kifi ya yi ihu, in gasa burodi ya yi ihu."

Na ɗaga kai. Ga shi can, fari, da'ira,
an kafa shi daidai saman murhu.
Wanda ya kafa shi bai taɓa girki ba.

Na murɗo shi. Cikinsa maiƙo ne da ƙura,
gizo-gizo ya yi ɗaki da falo,
ga gawar ƙuda tun wani bazara.
Ba ruwa, ba sabulu.
Burushi mai laushi kawai, kamar na shafa kwalli,
sai injin zuƙa ya kwashe saura.
Na juya bayansa na karanta shekarunsa:
bakwai. Da sauran uku kafin ritaya.

Sai neman masauki.
Hayaƙi sama yake hawa, ya kwanta a silin, ya bazu,
amma ba ya son lungu, can iska a mace take.
Kusa da taga, iska za ta kore shi.
Kusa da bayi, tururi zai yi masa ƙarya.
Na auna da ƙafa, na koma, na sake aunawa.
Tsakiyar baranda, tsakanin kicin da makwanci,
kamu guda daga bango. Nan.

Na kira Sindre da ke ƙasa gaban allon fitilu.
Na ɗaga sanda, na fesa.
Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.
Ƙara ta tsaga gidan,
kyanwar maƙwabta ta bar taga ba sallama.
"Shiyya ta uku ta kama," in ji Sindre.

Na ce wa tsoho: shiga ɗaki, rufe ƙofa,
kwanta yadda kake kwanciya.
Ya cire abin jinsa daga kunne, ya aje a faranti.
Na sake fesawa.
Bango ya girgiza, haƙorana suka amsa.
Na jira. Na jira.
Da na tura ƙofar yana kallon rufi,
hannuwa a ƙirji, yana jiran in fara.

Ban ce komai ba. Ya karanta a fuskata.
Ya mayar da kunnensa a hankali.
"Gunnvor ce hancin gidan nan," ya ce.
"Wani dare ta tashe ni da gwiwar hannu,
bargo ya taɓa hita, ko harshen wuta bai fito ba.
Shekara hamsin ban taɓa kwana da tsoro ba.
Ban lura aikinta ba ne."

A mota akwai wani faifai mai girgiza,
na ɗauko, na haɗa, na tura ƙarƙashin matashinsa,
gefen hagu, inda ya nuna.
Fesa ta uku.
Ya zabura zaune, yana zagi, yana dariya:
"Haka take yi! Daidai haƙarƙari!"

Kifin ya ƙone a kasko, mun manta da shi.
Ya buɗe taga, ruwa ya shigo.
Na sa hannu a takarda, na rubuta kwanan wata,
na naɗe tsani.
Lamba goma sha biyu na jira,
kuma daga nan ina jin nasu yana ɗan tsuwa,
tsit, tsit, batir na roƙon canji.