Babi na Uku

Inna ta ce, "Yanzu kallon ma
sai an yi masa digiri biyu?"
Na yi dariya, na saɓi jaka.

Dakta Asabe ta maido mini babi na uku,
jan biro ya yi masa tsage kamar na gado:
"Ina madogara? In ji wa?"

Mai maganar yana Kakuri.
Baba Ɗanjuma, mai haska fim a da,
yau gadi yake a silimar da ta koma sito.
Buhunan taki sun gaje kujerun sule biyar.
Ya nuna bango da sanda:
"Ta nan jirgin ƙasa ke ɓullowa,
'yan masaƙa suna kaucewa."

Na kafa kyamara, ya gyara hula.
Minti arba'in yana zuba.
Batir ya mutu tun a na goma,
ban gaya masa ba.

Da dare, janareton maƙwabta na tari,
ina laluben yadda ake sa tsoho
a jerin manazarta.
Suna, na rubuta.
Shekara, na kintata.
Da na zo gurbin shafi
sai na sa: bango.