Keken Cindo

Na bar Gangare tun masu ƙosai ba su hura wuta ba,
sanyin Jos na cizon yatsu kamar mai bin bashi.
Keken babana ne, baƙin Rali,
sirdinsa ya riga ya saba da zaman wani mutum,
ni baƙo ne a kansa.
Sarƙar na tari a kowace hawa,
irin tarin da ya yi a daminarsa ta ƙarshe.

A Bukur na tsaya shan shayi.
Tsofaffin gidajen kamfani na nan da jan kwanonsu,
tsatsa ta lashe sunayen da ke jikin ƙofa.
Mai shayi ya dubi keken, ya dube ni.
"Ina za ka da wannan dattijo?"
Na ce Barikin Ladi.
Ya ƙara mini madara, bai ce uffan ba.

Bayan Zawan na saki kwalta na bi jar ƙasa.
Shingen ƙyarana dama da hagu,
gonakin dankali, kabeji ya ɗaure kai,
acca ta kwanta inda iska ta ce ta kwanta.
Duwatsu sun hau kan juna
kamar wani ya ajiye kaya zai dawo,
ya manta.
Yara suka biyo ni da gudu har bakin rafi,
ɗaya ya roƙi in buga ƙararrawa.
Na buga. Suka ce in sake.

Ƙaya ce ta kayar da ni, ba dutse ba.
Tayar baya ta yi ajiyar zuciya ta zauna.
Na tura mil biyu, rana na tsakar ka,
har gindin wani mangwaro
inda Davou mai faci ke barci kan benci.

Ya zare tub ya tsoma a kwanon ruwa,
yana bin kumfa da ido.
Faci goma sha ɗaya ya ƙirga kafin nawa.
Sai ya tsaya a kan wani yankan wuƙa a jikin kariya,
layi uku, ɗaya ya karkace.
"Wannan na Cindo ne, mai wankin kuza."

A gida an ce mini kada in bi ta ƙauyukan nan,
an lissafa mini shekaru da sunayen waɗanda ba su dawo ba.
Na zo da wannan a ƙirji tun safe,
ya fi jarkar ruwan da ke bayana nauyi.

Davou ya ƙwala wa uwarsa kira.
Ngo Chundung ta fito da gwate a kwanon sha,
yana tururi, da yakuwa da gauta.
Ta ce babana ya ci bashin mijinta sule uku
ranar da ramin ya rufta da mutum biyu,
ya biya da dakon gawar a kan wannan kariyar.
Ba wanda ya taɓa gaya mini.
Na sha gwaten, ya ƙona mini harshe,
na bar shi ya zama dalilin hawayen.

Kududdufin yana bayan gonarsu.
Kore shar, shiru, ba a ganin ƙasansa.
Injin ban ruwa na tsotsarsa zuwa gonar tumatir,
wata mata na wanke karas a gefe.
Nan ya bar ƙuruciyarsa, kwano bayan kwano.
Na tsuguna na wanke fuska.
Ruwa ne kawai, mai sanyi.

Ban kai Barikin Ladi ba.
Hadari ya taso ta Kuru, ƙanƙara ta fara dukan kwano.
Davou ya ƙi karɓar kuɗin faci,
ya ce in kawo masa goron Jos in na sake biyowa.
Na juyo da iska a bayana,
faci na goma sha biyu na riƙe da ni,
sarƙar na tari, ina amsa mata da feda.