Ƙofa ta Goma Sha Ɗaya

A Kozhikode ruwan sama ba ya sallama.
Kwana uku yana dukan rufin asibiti
ranar da aka liƙa sunayenmu a allo,
kowa da fannin da ya zaɓa.

Jithin ya sami tiyata,
aka ɗauke shi a kafaɗa ana ihu.
Da aka zo kan nawa
sai wurin ya yi tsit kamar zaman makoki.
Sreedevi ta dafa ni:
“Duk wannan makin, Anjana,
ki ɓarar da shi a kan masu taɓin hankali?”

Babana, kwandastan bas na shekara talatin,
wanda ya jinginar da gonar kwakwarsa
don in riƙe wuƙar likita,
ya bar shayinsa ya huce.
“In an tambaye ni a kasuwar kifi, me zan ce?
'Yata likitar me?”
Na ce, likitar abin da hoto ba ya kamawa.
Ya ce, to wa zai gode miki?

Jithin ma ya ƙara nasa gishirin:
“Mu yanka, mu ɗinke, mutum ya tashi.
Ku kuwa hira da ƙwaya.”
Aka yi dariya. Har da ni.
Tawa ce ta fi yi mini ciwo.

Sashenmu yana can ƙurya, bayan ɗakin wanki,
ko magina sun san inda za su ajiye mu.
Ƙofa ta goma sha ɗaya.
Fanka mai kuka, kujeru biyu.
Kayan aikina ke nan, sai kunne.

Damina biyu ta wuce.
Ƙarfe uku da kwata na dare aka ƙwanƙwasa.
Jithin ne, cikin koren kayan tiyata,
awa talatin da shida bai runtsa ba.
Ya zauna, ya ɗora hannuwansa a tebur
kamar kayan aro da ya zo mayarwa.

“Duba, ba sa rawa.
Ɗazu na ɗinke hanjin wani yaro, tsaf.
Uwar ta riƙe ƙafata tana kuka,
ban ji komai ba,
kamar ƙafar gado ta riƙe.
Wata huɗu shinkafa ɗanɗanon takarda take mini.
Jiya na tsaya bakin taga.
Na daɗe, Anjana.”

Ban ce masa ka tuna ba.
Na tambaye shi kai tsaye, na kira abin da sunansa.
Ya gyaɗa kai.
Fankar ta ci gaba da kukanta.

“Kada ki buɗe mini fayil.
In Farfesa ya ji, zai ce ƙarfen bai ƙeru ba.
Likita ba ya kwanciya.”
Na ce, wanzami ba ya son jarfa,
amma jininsa ja ne kamar na kowa.

Na buɗe fayil ɗin.
Na rubuta sunansa cikakke,
na kira yayarsa daga Feroke,
muka zauna mu uku har mai shayin bakin ƙofa
ya kunna risho.
Ya sha rabin kofi. Na ƙirga shi a nasara.

Har yau in an tambayi babana
cewa yake, “Likitar kai ce.”
Mutane su zaci ƙwaƙwalwa nake tsagawa.
Ba ya gyara musu.
Ni ma na bar shi.

Jithin yana zuwa duk Alhamis
ta hanyar ɗakin wanki,
da lema a karkace ta rufe fuska
ko da ba hadari a sama.
Ba na cewa ya warke.
Ciwon nan ba a cire masa zare a kwana goma.

Amma makon jiya ta babbar ƙofa ya shigo,
ana yayyafi,
ya manta lemar a gida.