Ƙasan Takalmi

Ƙwiyakwiyi biyar karyar Bappa Sali ta haifa
ƙarƙashin mataccen tirela, bayan garejinmu a Garwa.
Na ɗauko mai baƙin zobe a ido,
Dudu ta ce sunansa Kwalli.
Sati bakwai gare shi, ciki kamar ɗan tulu,
yana tauna igiyar guga yana gurnani
kamar ya kama ɓarawo.

Malam Yero ya leƙo ta katanga:
"Kare a gida? In ya lashi ƙwarya,
wanki bakwai, ɗaya da ƙasa."
Na ce na sani.
Na ware masa tasa, na ɗaure shi nesa da buta,
ko ƙofar zaure bai taɓa tsallakawa ba.
Gidana nake tsarewa daga bakinsa.

An ce akwai allurar riga-kafi,
ba sau ɗaya ba, kuma kowace da kuɗinta.
Na ce bari mai kafiretan nan ya biya ni.
Damina ta sauka, Binuwai ta cika ta batse,
mai kafireta bai dawo ba.

Laraba ya ƙi kan kifi,
shi da ke sace gasarar koko.
Alhamis amai, kumfa rawaya.
Juma'a tun kafin assalatu
abin da ke fita ruwa ne da jini,
da wani ƙarni da ban taɓa ji ba,
ni da na tashi a bayan mahauta.

Na naɗe shi a tsohon zane, muka hau babur.
Dokta Maiwore ta ja fatar wuyansa ta saki,
fatar ta tsaya inda aka bar ta.
"Farbo," ta ce, tana buɗe littafi.
"Shi ne na sha ɗaya a watan nan.
Yawancinsu ba su kai wata shida ba,
kuma ba wanda allura ta taɓa."
Na ce ai ba ya fita.
Ta dubi ƙafata.
"Kai fa?"

Sai garejin ya faɗo mini.
'Yan'uwansa huɗu da suka bi juna cikin mako guda,
Bappa Sali na rantsuwa guba ce, aikin maƙiya,
ni ina ratsa wurin da takalmin roba,
in dawo in tuɓe shi bakin ɗaki
inda Kwalli ke jira da harshe.

Ta ce ƙwayar ba ta sauri.
Takan kwanta a ƙasa wata da watanni,
sabulu ba ya ba ta tsoro,
sai ruwan jabel.

Leda uku ta ƙarin ruwa.
Na jinginar da akwatin sifanata,
kuɗin ya ninka na allura har ban so lissafawa.
Daren Lahadi ya ɗaga kai da ya ji muryar Dudu,
ya buga wutsiya sau biyu a kan tebur.
Muka ce alhamdu lillahi.
Mun yi gaggawa.

Malam Yero ne ya riƙe mini tocila
ina haƙa a gindin dalbejiya.
Bai ce komai ba,
sai da na tsaya ya ce, "Ƙara zurfi,
kada na wani ya tono."

Dudu tana son wani.
Na ce sai tsakar gidan nan ta huta,
sai kuma kuɗin allura sun riga shi shigowa.
Ta ce yaushe ke nan?
Tasarsa har yanzu tana kife bayan randa.

Na zauna bakin rijiya da jabel da soso,
na wanke takalmina.
Na ƙirga ba tare da niyya ba: bakwai.
Na kai hannu zan ɗebi ƙasa
sai na tsaya.