Gindin Tiya

Ni na amsa tambayoyin, kada a nemi wani.
Ranar Laraba ce, a sakatariya, gabas da Daura,
fanka a tsaye, biron ma na Tasi'u masinja ne.

Baƙi biyu, da kwamfuta a cinya,
ga tambaya arba'in da bakwai,
ga direba yana duba agogo, don su bar hanya kafin magariba.

"Kuna manna kasafin kuɗi a allon sanarwa?"
Muna mannawa.
Da daddare muka manna, gam ɗin ko bushewa bai yi ba.
"Akwai akwatin ƙorafi?"
Ga shi can, kore shar, da kwaɗonsa.
Ba su tambayi mabuɗi ba.
Zanzaro ne kaɗai ya san abin da ke ciki.

Saba'in da takwas muka ci.
Ciyaman ya yanka rago.

Maƙwabtanmu kuwa ma'ajinsu Malam Lawandi ne,
mutumin da bai iya kewaye da magana ba.
Ya buɗe musu littafi har shafin da gara ta ci,
ya ɗora yatsa: nan kuɗi sun yi ɓatan dabo,
ga sunayen da muke tuhuma.
Suka gode masa, suka rubuta
arba'in da ɗaya.

Da rabo ya tashi, rijiyar burtsatse goma sha biyu aka rubuta mana.
Biyar na gani da idona.
Su ko ɗaya.
Can ƙanwata Barira take aure,
jarka biyu take saye kullum daga amalanke,
ruwan kamar an dama kunun kanwa.

Mahaifiyarmu gero ta auna shekara talatin a kasuwar Daura.
Takan ce: kafin ka tambayi farashi,
kifa tiyar ka dubi gindinta.
Wadda aka bubbuga da guduma
cika take yi har ta yi tozo,
a gida ne tukunya ke faɗa maka gaskiya.

Ban ce a fasa awo ba.
Kasuwar da babu mudu ai dambe ce.
Matar nan mai tabarau ma ba muguwa ba ce,
na ga ta koma ta gyara wata lamba da ta kuskure.
Amma ta auna allo, ta auna kwaɗo,
ta auna iya bakina,
ta naɗe ta kai inda ba a taɓa jin sunan ƙauyen Barira ba,
can lambar ta zama dutse.

Jiya bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida.
Malam Lawandi ne, ya rame,
takardar bana a naɗe a hammata.
Mun gaisa har gaisuwa ta ƙare.
Sai ya ce, idonsa a kan takalminsa:
"Koya mini yadda ake amsawa."

Na shimfiɗa masa tabarma.
Na aiki yaro ya samo biro.